Shiru Ma Magana Ce: Ƙimomin Amo da Yankunan Kaɗawa a Fatar Ganga

1.0 Gabatarwa

Idan makaɗi ya daki fatar ganga, kunne yakan ji kamar sauti guda ne ya fito. Amma abin da yake faruwa a kan fatar ya fi haka yawa. Fatar takan yi rawa iri-iri a lokaci guda, kowace rawa da nata saurin, sannan a kowace rawa akwai wasu layuka a kan fatar da ba sa motsi ko kaɗan. Masana lissafi sun shafe fiye da shekara ɗari biyu suna nazarin waɗannan raye-raye da waɗannan layuka, har abin ya zama fanni mai zaman kansa a cikin jometiri, wato lissafin siffofi. Aikin fannin shi ne gano alaƙar da ke tsakanin siffar abu da amon da yake fitarwa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Amsar ita ce, duk wanda ya yi darasin ilimin furuci ya riga ya taka wannan fage, ko da bai sani ba, domin lissafin da ya bayyana fatar ganga shi ne ya bayyana bambancin wasalin /i/ da na /a/. Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku. Ta farko, mene ne ƙimar amo? Ta biyu, yanki nawa fatar ganga za ta iya rabuwa idan tana kaɗawa? Ta uku, me amo yake iya gaya mana game da siffar abin da ya fitar da shi, kuma a ina yake gazawa?

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya dace a daidaita kalmomin da za a yi amfani da su. Kalmomi huɗu ne, kuma fassarar da na ba su shawara ce tawa, ƙofar gyara a buɗe take.

(a) Salon kaɗawa: wata rawa ce ta fata ko tsarkiya wadda a cikinta kowane wuri yake hawa da sauka da sauri iri ɗaya, kuma siffar rawar ba ta canzawa.

(b) Ƙimar amo: lamba ce da take tafiya da kowane salon kaɗawa, tana nuna kaifin sautinsa. Turawa suna kiranta aigenbalyu. Rabin farko na kalmar daga Jamusanci ya fito, ma'anarsa "na kansa", kuma masanin lissafin nan na Jamus David Hilbert ne ya shigo da shi fagen a shekarar 1904. Ke nan kowace ganga tana da lambobinta na kanta. Idan yawan kaɗawa a daƙiƙa ya ninka sau biyu, ƙimar amo takan ninka sau huɗu. Idan ya ninka sau uku, takan ninka sau tara.

(c) Layin shiru: layi ne a kan fatar da ba ya motsi yayin da sauran fatar take kaɗawa.

(d) Yankin kaɗawa: yanki ne na fatar da layukan shiru da bakin gangar suka kewaye, kamar yadda iyaka take kewaye gona. Idan wani yanki ya yi sama, maƙwabcinsa na ƙetaren layin yana ƙasa.

Haka kuma, gangar da ake magana a kanta a nan ta lissafi ce: fata ɗaya mai kauri iri ɗaya, an ɗaure bakinta tamau, ba a lissafa nauyin iskar da ke kewaye da ita ba. Gangar gaske takan ɗan kauce wa wannan lissafi, musamman irin su kalangu mai fata biyu.

3.0 Tsarkiya: Mataki na Farko

Abu mafi sauƙin fahimta shi ne tsarkiyar molo ko ta garaya, wadda aka ɗaure bakinta biyu. A salo na farko, tsarkiyar gaba ɗaya take hawa da sauka, yanki ɗaya ke nan. A salo na biyu, tsakiyarta ta tsaya cik, rabin hagu yana sama yayin da rabin dama yake ƙasa, yanki biyu ke nan, kuma saurin kaɗawar ya ninka na farko sau biyu. A salo na uku akwai wuraren shiru biyu da yankuna uku, sauri kuma ya ninka sau uku. Haka abin yake tafiya ba iyaka. Wanda yake son ya ji da kunnensa, sai ya ɗora yatsa a hankali a daidai tsakiyar tsarkiya, ba tare da dannawa ba, sannan ya kaɗa ta. Zai ji sauti mai kaifi ya fito, domin yatsar ta kashe salo na farko ta bar na biyu, wanda dama tsakiyarsa ba ta motsi.

A shekarar 1836, Charles Sturm, wanda aka haifa a Geneva ya yi aiki a Paris, ya tabbatar da cewa wannan tsari bai dogara da daidaiton tsarkiyar ba. Ko da wani sashe nata ya fi wani kauri, salo na goma zai kasance da yanki goma daidai, na ɗari kuma yanki ɗari. A tsarkiya, wanda ya san lambar salo ya san yawan yankunansa. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko haka abin yake a fatar ganga, wadda take da tsawo da faɗi.

4.0 Gani Ya Kori Ji: Gwajin Chladni

Mutumin da ya fara nuna wa duniya layukan shiru ƙuru-ƙuru shi ne Ernst Chladni, Bajamushe, wanda ya rayu daga 1756 zuwa 1827. A littafin da ya wallafa a shekarar 1787 ya bayyana gwajinsa. Yakan ɗauki faifan ƙarfe ko na gilashi, ya barbaɗa masa yashi mai laushi, sannan ya goga bakan goge irin na Turawa a gefensa. Da faifan ya fara kuka, sai yashin ya yi ta tsalle daga wuraren da suke kaɗawa, ya tattaru a layukan da ba sa motsi. Nan take sai zane ya bayyana, wani kamar gicciye, wani kamar tauraro, wani kamar zobe. Idan ya sauya wurin gugar ko wurin da ya riƙe faifan, sauti ya sauya, zanen ma ya sauya. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A nan maganar ta tabbata a zahiri.

Chladni ya isa Paris a shekarar 1808, ya nuna gwajin a gaban masana da kuma sarki Napoleon. A shekarar 1809 aka sanya gasa ga duk wanda zai iya bayyana waɗannan zane-zane ta hanyar lissafi. Wadda ta ci gasar mace ce, Sophie Germain, wadda ta koyar da kanta lissafi a gida domin a zamaninta babbar makarantar kimiyya ta Paris ba ta karɓar mata. Sau uku tana shiga gasar kafin a ba ta kyautar a shekarar 1816. Ya kamata a lura cewa faifan ƙarfe yana da tauri, don haka lissafinsa ya bambanta da na fata, kuma ƙa'idojin da za a kawo nan gaba na fata ne. Duk da haka, yashin Chladni ne ya jawo hankalin masana zuwa ga layukan shiru.

5.0 Misalai Biyu na Ganga

5.1 Ganga Mai Siffar Murabba'i

A ce an shimfiɗa fata a kan katako mai siffar murabba'i, wato kusurwa huɗu da gefe huɗu masu tsawo ɗaya. Kowane salon kaɗawa na wannan ganga ana iya kiransa da lambobi biyu: ta farko tana nuna kashi nawa aka raba fatar a tsaye, ta biyu kuma kashi nawa a kwance. Idan aka zaɓi ma'aunin da ya dace, ƙimar amon tana samuwa ne ta hanyar ninka kowace lamba da kanta, sannan a haɗa su. Yawan yankuna kuwa, a ninka lambobin biyu da juna. Ga jerin daga ƙasa zuwa sama:

Salo na 1: (1,1), ƙima 2, yanki 1.
Salo na 2 da na 3: (1,2) da (2,1), ƙima 5, yanki 2.
Salo na 4: (2,2), ƙima 8, yanki 4.
Salo na 5 da na 6: (1,3) da (3,1), ƙima 10, yanki 3.
Salo na 7 da na 8: (2,3) da (3,2), ƙima 13, yanki 6.
Salo na 9 da na 10: (1,4) da (4,1), ƙima 17, yanki 4.
Salo na 11: (3,3), ƙima 18, yanki 9.

Idan muka duba wannan jeri, za mu ga abubuwa biyu da babu su a tsarkiya. Na farko, yawan yankuna yana hawa yana sauka: 1, 2, 4, 3, 6, 4, 9. Na biyu, salo biyu mabambanta suna iya samun ƙima ɗaya. Idan haka ta faru, fatar tana iya gauraya su ta fitar da sabon zane mai sauti iri ɗaya. Misali, a ƙima ta 10, idan aka haɗa (1,3) da (3,1) daidai wa daida, layin shiru yakan zama zobe guda a tsakiya, yanki biyu ke nan. Idan kuwa aka ɗebe ɗaya daga ɗaya, layukan sukan zama gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, yanki huɗu ke nan. Ashe sauti ɗaya yana iya zuwa da yanki 2, ko 3, ko 4.

5.2 Ganga Mai Siffar Da'ira

Yawancin gangunan da muka sani bakinsu da'ira ne. A nan layukan shiru iri biyu ne: waɗanda suka ratsa ta tsakiya, da kuma zobba. Salo na 1 ba shi da layi. Na 2 da na 3 suna da layi ɗaya da ya raba fatar biyu. Na 4 da na 5 suna da layi biyu, yanki huɗu. Na 6 yana da zobe ɗaya, yanki biyu, kuma nisan zoben daga tsakiya ya kai kusan kashi 44 cikin 100 na nisan bakin gangar. Na 7 da na 8 suna da layi uku, yanki shida.

Idan aka ɗauki saurin salo na farko a matsayin 1, sauran suna biyo baya kamar haka: 1.59, 2.14, 2.30, 2.65, 2.92. A tsarkiya kuwa 1, 2, 3, 4 ne. Wannan ne dalilin da ya sa muryar molo take fita tas, ta ganga kuma take fita a gauraye. Sannan idan mai kalangu ya matse igiyoyin da hammatarsa, fatar ta ƙara miƙewa, dukkan saurin ya hau tare, muryar ta ɗaga. A gangar lissafi layukan shiru suna nan inda suke duk da wannan matsi, domin siffar bakin gangar ce take tsara su.

6.0 Ƙa'idar Courant

A cikin misalan da suka gabata akwai wani abu da bai taɓa faruwa ba: yawan yankuna bai taɓa wuce lambar salo ba. Salo na 7 yana da yanki 6, na 11 yana da 9. A shekarar 1923, Richard Courant na Jami'ar Gottingen a Jamus ya tabbatar da cewa wannan doka ce ga kowace irin ganga, komai siffar bakinta. Idan aka jera ƙimomin amo daga ƙarama zuwa babba, aka ƙidaya wadda ta maimaitu sau yawan maimaituwarta, to salo na goma ba zai wuce yanki goma ba, na dubu ba zai wuce yanki dubu ba.

Tushen hujjar yana da sauƙin ganewa. Kowane yankin kaɗawa tamkar ƙaramar ganga ce, domin iyakarsa ba ta motsi, kamar an ɗaure ta. Kuma kowa ya san cewa ƙaramar ganga ta fi babba kaifin murya. Saboda haka, idan fata ta rabu zuwa yankuna masu yawa, dole yankunan su zama ƙanana, sauti kuma ya zama mai kaifi, wato ya hau can sama a jerin. Salon da yake ƙasa a jerin ba shi da ƙarfin da zai yanka fatar gunduwa-gunduwa. Daga wannan ƙa'ida aka san cewa salo na farko yanki ɗaya ne kullum, na biyu kuma yanki biyu ne daidai.

Ƙa'idar ta sanya rufi ne kawai, ba ta sanya daɓe ba. Wata ɗalibar Courant mai suna Antonie Stern ta nuna a kundin digirinta na uku, wanda ya fito a 1925, cewa a gangar murabba'i akwai salon da komai nisansa a jerin, yanki biyu kacal yake da shi: layin shiru guda ne yake ta lanƙwasa yana zagaye fatar. A shekarar 1977 Hans Lewy ya nuna irin wannan a kan fuskar ƙwallo.

7.0 Sau Nawa Ake Taɓa Rufin?

Salon da yawan yankunansa ya yi daidai da lambarsa, shi ne ya taɓa rufin Courant. A tsarkiya kowane salo yana taɓa shi. A fatar ganga kuwa, Ake Pleijel na ƙasar Suwidin ya tabbatar a shekarar 1956 cewa salon da suke taɓa shi ƙidayayyu ne. A gangar murabba'i, na 1 da na 2 da na 4 ne kaɗai. Daga baya aka tabbatar da cewa a da'ira da kuma alwatika mai gefe uku daidai, nan ma na 1 da na 2 da na 4 ne.

Pleijel ya haɗa sakamako biyu ne da aka riga aka sani. Na farko na Hermann Weyl ne na shekarar 1911, wanda ya ce yawan ƙimomin da suke ƙasa da wata babbar lamba ya dogara ne da girman filin fatar: ganga mai fili ninki biyu tana da ƙimomi kusan ninki biyu a ƙasa da wannan lamba. Na biyu kuwa, Lord Rayleigh na Ingila ya yi hasashensa a 1877, Georg Faber ya tabbatar da shi a 1923, Edgar Krahn kuma a 1925: a cikin dukkan gangunan da filinsu ɗaya, mai siffar da'ira ce ta fi kaurin murya. Ma'anar wannan ita ce, kowane yankin kaɗawa yana da ƙaramin filin da ba zai gaza shi ba. Idan aka raba filin fatar duka da wannan ƙaramin fili, an sami iyakar yawan yankuna. Da Pleijel ya kwatanta wannan da ƙidayar Weyl, sai ya ga cewa can sama a jerin, yawan yankuna ba ya wuce kimanin kashi 69 cikin 100 na lambar salo.

An san cewa wannan adadi ya yi yawa, domin lissafin ya ɗauka kamar kowane yanki da'ira ne, alhali ba a iya shimfiɗe ɗaki da faifai masu da'ira ba tare da an bar giɓi ba. A shekarar 2009 Iosif Polterovich ya yi hasashen cewa adadin gaskiya shi ne kimanin kashi 64 cikin 100. Stefan Steinerberger da Jean Bourgain, kowa a nasa aikin da ya fito a 2014 da 2015, sun rage adadin Pleijel, amma ragin da Bourgain ya samu bai wuce kimanin kashi uku cikin biliyan ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wuyar aikin.

8.0 Wasu Tambayoyi Biyu Game da Layukan Shiru

Tambaya ta farko ta shafi salo na biyu. A shekarar 1967 Lawrence Payne ya yi hasashen cewa layin shiru na salo na biyu dole ya taɓa bakin ganga, ba zai zama zobe a tsakiya ba. Antonios Melas ya tabbatar da haka a 1992 ga gangar da bakinta yake sumul kuma bai lotsa ciki ba. Amma a 1997 Maria Hoffmann-Ostenhof da Thomas Hoffmann-Ostenhof da Nikolai Nadirashvili suka ƙera ganga mai huji da yawa wadda ta karya hasashen. Darasin a nan shi ne, abin da ya tabbata a misalai dubu yana iya faɗuwa a na dubu da ɗaya.

Tambaya ta biyu ta shafi tsawo. A shekarar 1982 Shing-Tung Yau ya yi hasashen cewa jimillar tsawon layukan shiru tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurin kaɗawa, ba ta yin ƙasa da shi sosai, ba ta kuma wuce shi sosai. Harold Donnelly da Charles Fefferman sun tabbatar da haka a 1988 ga wani rukuni na siffofi. A 2016 Alexander Logunov, ɗan Rasha, ya tabbatar da ɓangaren "ba ta yin ƙasa" ga dukkan siffofi masu sumul, kuma a 2017 aka ba shi kyautar bincike ta Cibiyar Clay tare da Eugenia Malinnikova, wadda suka yi aikin share fage tare.

9.0 Ana Iya Jin Siffar Ganga?

A shekarar 1966 Mark Kac, haifaffen Poland da ya yi aiki a Amurka, ya wallafa muƙalar da ta shahara da wannan tambaya. A ce makaɗi yana bayan katanga, mai sauraro kuma yana da kunnen da ke tantance dukkan ƙimomin amon gangar. Zai iya zana siffarta? Zai iya sanin girman filinta, saboda ƙa'idar Weyl. Zai iya sanin tsawon kewayenta. Idan bakinta sumul ne, zai iya sanin yawan hujin da ke cikinta. Idan da'ira ce zai gane ta, domin babu wata siffa da take da irin wannan fili da irin wannan kewaye a tare.

Cikakkiyar amsar ta zo a 1992, lokacin da Carolyn Gordon da David Webb da Scott Wolpert suka fito da ganguna biyu. Kowace an haɗa ta ne da alwatika bakwai masu girma ɗaya, an jera su ta hanya daban, siffofinsu sun bambanta, amma ƙimominsu duka ɗaya ne. Sun gina aikin a kan dabarar Toshikazu Sunada na Japan ta shekarar 1985. Ke nan kunne kaɗai bai isa ba. A nan ne yankunan kaɗawa suka sake shigowa: a 2005 Sven Gnutzmann da Uzy Smilansky da Niels Sondergaard suka ba da shawarar a riƙa ƙidaya yankunan kowane salo, kuma a misalan da suka gwada, ƙidayar ta bambanta siffofin da amonsu ya zo ɗaya. Abin da amo ya ɓoye, wani lokaci layukan shiru sukan tona shi.

10.0 Alaƙar Wannan da Nazarin Harshe

Hanyar iska daga maƙwallato zuwa leɓɓa tamkar bututu ce, kuma iskar da ke cikinta tana da nata salon kaɗawa da nata ƙimomi. A ce tsawon bututun santimita 17.5 ne, kamar na baligin namiji, faɗinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, rufe a maƙwallato, buɗe a leɓɓa. Lissafi ya nuna salonsa uku na farko suna kaɗawa sau 500 da 1500 da 2500 a daƙiƙa. Waɗannan su ne masana furuci suke kira foman. Da zarar harshe ya motsa, siffar bututun ta sauya, lambobin ma sun sauya. A wasalin /i/ foman na farko yana ƙasa, na biyu yana sama. A /a/ na farko yakan hau. A /u/ duka biyun suna ƙasa. Tsutomu Chiba da Masato Kajiyama na Japan a farkon shekarun 1940, da Gunnar Fant na Suwidin a 1960, su ne suka kafa tubalin wannan nazari.

Wannan ya warware mini wani abu da ya daɗe yana rikita ni a matsayina na wanda ya koyi Hausa a harshe na biyu, wato bambancin karin sauti da ingancin wasali. Karin sauti daga saurin kaɗawar tantanin maƙwallato yake fitowa, kamar matse igiyar kalangu. Wasali kuwa daga siffar bututun yake fitowa. Shi ya sa ake iya furta /a/ da karin sama ko na ƙasa, ya ci gaba da zama /a/. Tambayar Kac ma tana nan: a 1967 Manfred Schroeder da Paul Mermelstein, kowa a nasa aikin, sun nazarci ko za a iya gano siffar bututun daga foman, aka ga cewa siffofi daban-daban suna iya ba da foman iri ɗaya.

Akwai kuma alaƙa da nazarin karin harshe. A 1973 Miroslav Fiedler, masanin lissafi a birnin Prague, ya nazarci ƙimar amo ta biyu a kan zanen ɗigogi da layukan da suke haɗa su. Kamar a fatar ganga, salo na biyu yana raba ɗigogin gida biyu. Idan ɗigogin garuruwa ne, layukan kuma suna nuna kamancin furucinsu, rabuwar takan nuna inda iyakar karin harshe take. Martijn Wieling da John Nerbonne na Jami'ar Groningen sun yi amfani da wata dabara ta wannan gida a kan kare-karen harshen Holan, a aikin da suka wallafa a 2011. Ɗalibin da yake neman batun bincike zai iya tunanin gwada irinta a kan Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci da sauransu.

11.0 Aikin Gwaji

1. A miƙe leda a bakin gwangwani, a ɗaure ta da roba, a barbaɗa gishiri, sannan a kusantar da lasifikar da take fitar da sauti guda. A riƙa ɗaga sautin a hankali, a zana abin da aka gani.
2. A ci gaba da jerin gangar murabba'i har zuwa salo na 15, a duba ko akwai wanda ya taɓa rufin Courant.
3. A ƙidaya salon murabba'i da ƙimarsu ba ta wuce 50 ba. Amsar ita ce 33; a nuna yadda aka same ta.
4. A kawo wasu kalmomin Hausa da za su fi "ƙimar amo" da "layin shiru" dacewa, tare da dalili.

12.0 Kammalawa

A wannan muƙala an ga cewa kowace ganga tana da jerin ƙimomin amo, kowace ƙima tana da salon kaɗawa, kowane salo kuma yana raba fatar zuwa yankuna. Sturm ya nuna cewa a tsarkiya yawan yankuna daidai yake da lambar salo. Courant ya nuna cewa a fata ba ya wuce ta, Pleijel kuma ya nuna cewa ba kasafai yake kai ta ba. An kuma ga cewa amo yana bayyana fili da kewayen ganga amma ba ya bayyana siffarta duka, kuma wannan gazawa tana nan a tsakanin wasali da siffar baki. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai za su gwada aikin da aka bayar, musamman na huɗu, domin idan ba mu samar wa Hausa kalmomin irin wannan ilimi ba, da wuya a koyar da shi da ita. Wanda ya sami kalmar da ta fi tawa, sai ya aiko wa wannan mujalla domin fitowa ta gaba.